Ciwon muƙamuƙi na wata tara: me ya rage in gwada kafin a sake cire mini haƙori?

Mai Ɗinki ta rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ni mace ce mai shekara 34, ina da 'ya'ya huɗu, kuma sana'ata ɗinki ce a cikin gida. Yau kusan wata tara ke nan ina fama da ciwo a muƙamuƙina na hagu, daidai gaban kunne, wanda yake saukowa kunci, ya hau gefen kai, wani lokaci ma har ya taɓa wuya. Ya fara ne a cikin azumin da ya wuce, lokacin da ɗinkin Sallah ya yi mini yawa har nake kaiwa asuba a kan keke, kuma na ɗauka gajiya ce kawai za ta wuce bayan Sallah, amma shiru.

Idan na tashi da safe muƙamuƙin yakan yi nauyi kamar na kwana ina tauna, kuma maigidana ya ce yana jin ƙarar haƙorana cikin barci. Idan na buɗe baki sosai ko na yi hamma sai in ji wani ƙas a gefen kunnen, sau biyu kuma bakin ya taɓa maƙalewa na ɗan lokaci kafin ya saki. Nama, rake da aya duk na haƙura da su.

Da farko na je wajen masu duba kunne, suka ce kunnena lafiya lau yake. Daga nan na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa, aka cire mini turmi ɗaya na ƙasa da aka ce shi ne sanadi, amma ciwon bai ragu ba ko kaɗan, sai ma tauna da ta ƙara yi mini wuya. Yanzu an ce in dawo a cire na kusa da shi, ko kuma a goge saman wasu haƙoran domin cizona ya daidaita. A tsakanin nan ina shan diclofenac da nake saya a kyamis kusan kullum, kuma cikina ya fara zafi. Surukata tana ganin sanyi ne, ta ba da shawarar a kira wanzami ya yi mini ƙaho a wajen.

Abin da nake roƙo daga masu ilimin abin da waɗanda suka taɓa yin irin wannan ciwo shi ne su bayyana mini hanyoyin maganin da ake da su, wanne ya kamata a fara da shi, wanne kuma ya kamata in guje masa, domin ba na son in sake rasa haƙori a banza. Allah Ya saka da alheri.

Likitan Haƙori ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba ki lafiya. Ba zan iya yanke hukunci a kan mutumin da ban duba ba, amma abin da kika zayyana ya yi kama ƙwarai da rukunin ciwukan gaɓar muƙamuƙi da tsokokin tauna, wanda likitoci suke taƙaita sunansa da TMD. Ya fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma idan ya wuce wata uku ana lissafa shi cikin ciwo mai daɗewa. Magana ta farko da nake so ki riƙe ita ce kada ki yarda a sake cire miki haƙori ko a goge samansa saboda wannan ciwo, sai fa idan an nuna miki a hoto da gwaji cewa shi haƙorin kansa ya lalace.

Ga dalilina. Gaɓar tana gaban kunne, inda kan ƙashin muƙamuƙi yake shiga wani ɗan gurbi a ƙashin kai, kuma a tsakaninsu akwai wani ɗan faifan guringuntsi da yake zamewa tare da ƙashin duk lokacin da aka buɗe baki. Ƙas ɗin da kike ji yawanci wannan faifan ne ya ɗan gota gaba, yake komawa mazauninsa idan kin buɗe baki. Mutane da yawa suna da wannan ƙara ba tare da wani ciwo ba, kuma ita kaɗai ba ta buƙatar magani. Ciwon kuwa, a wajen mafi yawan masu zuwa wurinmu, daga tsoka yake fitowa: babbar tsokar kunci da take ɗaurewa idan kin cije, da faffaɗar tsokar gefen kai. Idan waɗannan tsokoki suka gaji da aiki, suna iya aika zafinsu zuwa turame, zuwa kunne, zuwa kai, har mutum ya rantse haƙori ne yake masa ciwo. Nan ne ake yawan cire lafiyayyen haƙori, ciwon kuma ya zauna inda yake.

Ra'ayin cewa rashin daidaiton cizo shi ne tushen matsalar tsoho ne. Wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ne ya yaɗa shi a 1934, likitocin haƙori kuma suka shafe shekaru suna goge haƙora da sa musu hula da ɗaura waya bisa wannan fahimta. Binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da cewa yanayin cizo shi ne babban sanadi ba, kuma haƙorin da aka goge ba ya tsirowa. Abin da ake gani yanzu shi ne abubuwa da yawa ne suke haɗuwa: cije haƙora da rana ko cikin barci, rashin isasshen barci, damuwa, yanayin zama, bugu ko faɗuwa, da kuma yadda jijiyoyin wasu mutane suke saurin ɗaukar zafi, shi ya sa ake yawan samunsa tare da ciwon kai ko ciwon wuya da baya.

A ƙarshen 2023 mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, ta fitar da shawarwarin wani kwamitin ƙasa da ƙasa a kan irin wannan ciwo idan ya daɗe, bayan nazarin gwaje-gwaje fiye da 200. Abubuwan da suka fi ƙarfafawa duk masu sauƙi ne waɗanda ba sa ɓata komai a jiki: a fahimtar da majinyaci abin da yake damunsa a kwantar masa da hankali, ya riƙa motsa muƙamuƙi da miƙar da shi bisa koyarwar ƙwararre, likitan gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ya yi masa tausar wuraren da tsoka ta ƙulle da motsa gaɓar da hannu, a gyara masa yanayin zama da riƙon wuya, sannan a haɗa shi da masanin halayyar ɗan Adam wanda zai koya masa dabarun sarrafa damuwa da ciwo. Wannan na ƙarshe mutanenmu sukan ƙi shi, suna ganin kamar an ce ƙarya suke yi ko kansu ya taɓu. Ba haka ba ne. Ciwon gaskiya ne, amma mai damuwa yana cije haƙora ba tare da ya sani ba, kuma wanda ciwo ya hana barci yakan wayi gari da ciwon da ya fi na jiya.

Maganar diclofenac ita ce ta fi tayar mini da hankali a duk bayaninki. Shi da ibuprofen da naproxen suna da amfani idan ciwon ya motsa, amma na kwana goma zuwa mako biyu, bayan an ci abinci. Shan su wata da watanni yana jawo gyambon ciki da zubar jini a hanji, yana kuma cutar da ƙoda da tayar da hawan jini, ga shi kuma ba a son mai juna biyu ta sha su ba da izinin likita ba. Tunda cikinki ya fara zafi, ki dakatar da shi, ki ga likita a kan cikin, kuma idan kika ga bayan gida ya yi baƙi ko kika yi amai da jini, ki tafi asibiti a ranar.

Akwai alamomin da suke nuna ba wannan ciwo ba ne, ko kuma akwai wani abu a bayansa, kuma ba a jinkiri da su: kumburi a fuska ko wuya tare da zazzaɓi, mutuwar leɓe ko haɓa, bakin da yake ƙara rufewa kullum, rama ba dalili, ko ciwon muƙamuƙi da yake zuwa tare da nauyin ƙirji idan mutum ya yi tafiya ko aikin ƙarfi, domin zuciya tana iya aika ciwonta can. Wanda ya haura shekara 50 kuma ya fara sabon ciwon gefen kai, muƙamuƙinsa yana gajiya idan yana tauna, ganinsa yana dusashewa, wannan yana iya zama kumburin jijiyar jini mai iya makantarwa, a kai shi asibiti nan take. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki nemi sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, kamar na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a duba ki da hannu a auna buɗewar bakinki. Sau da yawa wannan dubawar ta isa, ba sai an kai ga hoton MRI mai tsada ba.

Ƙaho kuwa ban ba ki shawararsa a gaban kunne ba, saboda jijiyar da take motsa fuska da kuma jakar yawu ta nan suka bi. Ki lallaɓa surukarki da cewa gashin ruwan ɗumi za a fara yi, wanda shi ma ai maganin sanyi ne a wurinta.

Ɗan Kasuwa ya amsa:

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Na yi irin wannan ciwo fiye da shekara biyu, don haka na san abin da ake nufi da mutum ya kalli tsire ya kawar da kai. Ni nawa ya taso ne a lokacin da kasuwa ta juya mini baya, bashi ya hau kaina, ina kwana ina lissafi. A lokacin goro ba ya barin bakina daga safe har dare, kuma duk a gefe ɗaya nake tauna shi, ga shayi mai kauri da nake sha har bayan isha'i. Sai da wata likita ta tambaye ni goro nawa nake ci a rana sannan na lura cewa muƙamuƙina ba ya samun hutu ko na awa ɗaya, kuma ta bayyana mini cewa sinadarin da yake hana barci a cikin goro da shayi yana iya ƙara cizon haƙora da dare.

Kuskuren da na yi, wanda nake roƙon ki da kada ki kusance shi, shi ne tramadol. Wani mai kyamis ne ya ba ni, ya ce zai ɗauke ciwon gaba ɗaya, kuma a makon farko haka aka yi. Bayan wata biyu sai na ga ƙwaya ɗaya ba ta isa ta, idan ban sha ba kuma jikina ya riƙa rawa ina gumi, ciwon muƙamuƙin kuma yana nan bai je ko'ina ba. Rabuwa da ita ta fi mini wuya a kan ciwon da na sha ta dominsa, sai da likita ya riƙa rage mini a hankali.

Wuri ɗaya ne nake so in ƙara a kan bayanin Likita, domin ban ga ya ambaci robar haƙori ba. Ni an auna bakina an yi mini wata roba mai tauri da nake sawa a haƙoran sama idan zan kwanta, kuma a gaskiya tun daga makon da na fara sa ta nauyin safiya ya ragu. Har yanzu ina sa ta idan na ji alamar abin zai dawo. Tunda maigidanki yana jin ƙarar haƙoranki da dare, ina ganin ya kamata ki tambaya a kanta. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, a daidai lokacin ne kuma na bar goro, na daina shayin dare, na kuma sasanta da waɗanda suke bi na bashi har na fara samun barci, saboda haka ba robar kaɗai ce ta canza a rayuwata ba. Yau ina cin nama idan an dafa shi ya yi laushi, amma kilishi da goruba na bar wa yara.

Likitar Gashi ta amsa:

Hajiya, sannu. Ni aikina gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ne, kuma tun da na karanta cewa ɗinki kike yi na so in yi miki wasu tambayoyi da za ki amsa wa kanki. Kina riƙe allura ko fil a tsakanin haƙora idan kina gwada kaya? Kina yanke zare da haƙori? Kina maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa kina magana da masu ɗinki hannunki yana kan keke? Kusan duk telan da na duba yana yin aƙalla biyu daga cikin waɗannan. Ga kuma zaman keken kansa, inda kai yake zurowa gaba awa da awanni, tsokokin wuya su ɗaure, na muƙamuƙi su bi su. Ki sa almakashi da matashin allura kusa da hannunki, ki ɗaga kujera ko keken yadda ba sai kin sunkuya sosai ba, ki ƙara haske a ɗakin, kuma ki miƙe tsaye ki ɗan taka duk bayan minti 30 ko 40.

Abu na biyu shi ne ki koyi yadda muƙamuƙi yake hutawa, domin mutane da yawa ba su sani ba. Idan ba tauna ko haɗiya ake yi ba, bai kamata haƙoran sama da na ƙasa su haɗu ba. Leɓe a rufe, haƙora a ware kaɗan, harshe kuma yana kwance a ganɗa bayan haƙoran gaba na sama. Ki riƙa bincikar kanki da rana, musamman lokacin da kike zura zare ko kike cikin fushi, za ki yi mamakin sau nawa za ki kama kanki a cije.

Motsin da nake fara koya wa kowa shi ne wannan: ki zauna a gaban madubi, ki ɗora kan harshe a ganɗa, ki buɗe baki a hankali iya inda harshen bai rabu da ganɗar ba, kina kallon haɓarki tana sauka a miƙe ba ta karkata gefe ba, sannan ki rufe a hankali. A wannan iyaka gaɓar juyawa kawai take yi, ba ta zamewa gaba, shi ya sa yawanci ba a jin ƙas ɗin. Ana yin sa sau shida a zama ɗaya, zama shida a rana, kuma hanya mafi sauƙi ta tunawa ita ce bayan kowace sallar farilla da kuma lokacin kwanciya. Kafin ki fara, ki jiƙa tawul da ruwan ɗumi wanda fatar hannunki za ta iya jurewa, ki dafa a kunci da gefen kai na minti 10 zuwa 15. Bayan haka ki sa yatsu biyu a kan tsokar kunci, ki nemi wurin da ya yi tauri yake zafi, ki danna shi a hankali kina murzawa kamar minti ɗaya. Ɗan zafi mai kama da na miƙa ba laifi ba ne, amma idan ciwon ya ƙaru ya kwana, kin matsa da yawa, sai ki rage.

Idan hamma ta zo, ki tallafi haɓa da dunƙulen hannu kada bakin ya wage har ƙarshe. Ki guji kwanciya rubda ciki da yin tagumi. Game da abinci, a makonnin da ciwon ya yi tsanani ki tsaya a kan tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, fate, alale, ɗanwake, ƙwai, kifi, kunu da fura, ki yanka komai ƙanana, ki kuma riƙa tauna a gefe biyu. Amma kada ki zauna a kan abinci mai laushi wata da watanni saboda tsoro, domin tsokar da ba ta aiki rauni take yi, kuma mai shayarwa ko mai aiki irin naki tana buƙatar abinci mai gina jiki. Da zarar an samu sauƙi sai a riƙa dawo da abinci mai ɗan tauri kaɗan-kaɗan. Cingam ne kawai nake cewa a bar shi gaba ɗaya.

Ki auna buɗewar bakinki yau ki rubuta. Lafiyayyen baki yakan buɗe milimita 40 zuwa sama, wato kimanin yatsunki uku a jere a tsaye tsakanin haƙoran gaba. Ki ba wannan aiki mako shida zuwa takwas kafin ki yanke hukunci a kansa, domin masu barinsa bayan kwana biyar su ne suke cewa bai yi musu ba. Idan kin samu dama ki je sashen gashi ko sau uku ne, saboda akwai tausar cikin baki da jan gaɓa da sai ƙwararre ne zai yi miki, kuma gara a ga yadda kike yin motsin a gyara miki.

Mai Ɗinki ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likitar Gashi, tambayoyinki uku duk ina yin su, har da riƙe fil a baki tun ina koyon ɗinki, kuma tun jiya da na fara lura na kama kaina a cije ba adadi. Na dakatar da diclofenac, kuma maigidana ya yarda mu je asibitin koyarwa mako mai zuwa maimakon komawa a cire haƙorin.

Saura tambaya biyu ga Likitan Haƙori. Ta farko ita ce robar da Alhaji Ɗan Kasuwa ya ambata, domin na ga ana sayar da irinta a shagon magani, wadda ake tsomawa a ruwan zafi a cije, kuma ba ta da tsada; shin in saya? Ta biyu kuma, wata ƙawata da take zaune a ƙasar waje ta ce a can allura ake yi a kunci ko a wanke gaɓar, wasu ma a yi musu tiyata su huta gaba ɗaya. Idan na yi wata biyu ina motsin nan ban ga sauƙi ba, shin nan zan dosa?

Likitan Haƙori ya sake amsawa:

Hajiya, da gangan na bar maganar roba a amsata ta farko, domin wuri ne da mu kanmu likitocin haƙori muka rabu biyu. Shekara da shekaru ita ce abin da muke fara bayarwa, kuma akwai mutane irin Alhaji da suke jin daɗinta. Amma da aka gwada ta da robar bogi wadda ba ta shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, bambancin bai fito fili ba, shi ya sa kwamitin da na ambata na 2023 ya karkata ga cewa kada a dogara da ita wajen maganin ciwo mai daɗewa. Ni abin da nake yi shi ne, idan na ga haƙoran mutum sun cinye ko suna tsagewa saboda cizon dare, nakan yi masa ita domin ta kare haƙoran, in kuma gaya masa gaskiya cewa sauƙin ciwo yana iya zuwa, yana iya ƙin zuwa. Sharaɗinta shi ne ta zama mai tauri, ta rufe dukkan haƙoran layin, a sa ta da dare kawai, a kuma riƙa dawowa ana duba ta. Wadda take rufe wasu haƙora ta bar wasu, ko wadda ake yini a kwana da ita, tana iya gusar da haƙora har cizo ya canza, ya ƙi komawa. Ta shagon magani ban ba ki shawararta ba, saboda laushinta yana sa wasu su ƙara taunawa cikin barci, ga shi ba a auna ta da bakinki ba.

Idan wata biyu suka wuce ba sauƙi, mataki na gaba shi ne a sake duba ki a tabbatar ba a kuskure wani abu ba, a duba barcinki da damuwarki da gaske, sannan a yi tunanin magani irin amitriptyline a ƙaramin awo, kamar miligiram 10 zuwa 25 da dare. Asalinsa maganin ciwon damuwa ne, amma a wannan awo ana ba da shi ne domin ciwo mai daɗewa da gyaran barci. Yana sa bushewar baki da nauyin jiki da safe, kuma bai dace da wasu masu ciwon zuciya ba, don haka likita ne zai rubuta shi. Diazepam da danginsa, da tramadol da kodin, ba su da gurbi a ciwon da zai ɗauki watanni, kuma labarin Alhaji ya ishe mu bayani.

Allurar da ƙawarki take nufi wataƙila Botox ce, wadda take raunana tsokar kunci na wata uku ko huɗu sannan ƙarfinta ya tafi a sake yin wata. Tana da tsada, sakamakon gwaje-gwajenta ya saɓa wa juna, kuma yawan maimaita ta yana sirantar da tsokar. Allurar rage kumburi a cikin gaɓa tana iya taimakon wanda amosanin gaɓɓai ya kama wa muƙamuƙi, amma maimaita ta yana cin guringuntsi. Wankin gaɓa, inda ake sa allura biyu a ɗura ruwa a wanke cikinta, ƙaramin aiki ne da likitocin tiyatar muƙamuƙi suke yi wa wanda bakinsa ya maƙale ya ƙi buɗuwa duk da an yi gashi da motsi. Duk waɗannan ukun, in ban da Botox, gaɓa suke nufa, don haka ba za su yi wa mai ciwon tsoka komai ba.

Tiyata babba tana da mutanenta. A Arewa muna ganin yara da matasa waɗanda ƙashin muƙamuƙinsu ya manne da na kai bayan faɗuwa a kan haɓa, ko ƙurjin kunne da ba a yi magani ba, ko cutar noma mai cin fuska wadda akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato. Irin waɗannan ba sa iya buɗe baki ko na faɗin yatsa ɗaya, kuma tiyata ce kaɗai mafitarsu. Haka wanda ƙari ya fito masa, ko gaɓar ta lalace ƙwarai a hoto. Amma yi wa mai ciwo irin naki tiyata da fatan ya huta gaba ɗaya, an gwada shi an ga ƙarshensa. A Amurka cikin shekarun 1980 an cire wa dubban mutane, akasarinsu mata, faifan gaɓar aka sa musu na roba mai haɗin Teflon, robar ta riƙa farfashewa a ciki tana cin ƙashi, har hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kanta a 1990 aka janye ta daga kasuwa, kuma da yawansu sun sha tiyata a kan tiyata ba su dawo daidai ba.

Idan za ki je asibitin, ki tafi da hoton da aka ɗauka kafin a cire miki turmin idan yana hannunki, da kwalin duk maganin da kika sha, da awon buɗewar bakinki na yau. Ki kuma gaya musu sau biyun da bakin ya maƙale, da ko a buɗe ya maƙale ko a rufe, domin kowanne da yadda ake bi da shi. Idan ya sake maƙalewa a buɗe ya ƙi rufuwa, kada kowa ya buga shi ko ya danna shi da ƙarfi a gida; a kai ki asibiti a mayar da shi da hannu tun tsokar ba ta ɗaure ba.